Shin wanda ya mutu yana dawowa a wani jikin? Muhawarar 'yan zaure

Nura Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na saurari wani shiri a rediyo kan rigimar Dalai Lama, jagoran mabiya addinin Buddha na Tibet, da gwamnatin Chaina. A watan Yulin 2025, ana gab da bikin cikarsa shekara 90, ya ce bayan ya mutu za a sake haifarsa, kuma ofishinsa ne kaɗai zai tantance yaron. Chaina ta ce sam, sai da amincewarta. Abin ya tsaya mini a rai. Addinai nawa ne suka yarda mutum yana mutuwa ya dawo a wani jikin? Kuma duk abu ɗaya suke nufi?

Ustaz Kabiru: Wa alaikumus salam. Nura, wannan ba abin ɓata lokaci ba ne. Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, ta gama magana. Mutuwa ta zo wa mutum, ya ce Ya Ubangiji a mayar da ni ko na gyara abin da na bari, aka ce masa a'a, kuma a gabansu akwai barzahu har ranar da za a tashe su. Wanda ya ƙudurce cewa rai yana yawo daga jiki zuwa jiki ya ƙaryata tashin ƙiyama. Ni ina ganin a rufe zancen.

Malam Sabo: Ustaz, hukuncin da ka faɗa babu mai ja da shi a nan. Amma rufe zancen ne ban yarda da shi ba, don magabata ba su rufe ba. Sunansa a littattafanmu tanasuhu. Al-Biruni ya shiga ƙasar Hindu a zamanin Sarki Mahmud na Gazna, ya zauna ya koyi harshen Sanskrit, ya rubuta littafinsa wajen shekarar 1030. A ciki ya ce kamar yadda kalmar shahada take alamar Musulmi, Asabar take alamar Yahudawa, haka tanasuhu yake alamar addinin Hindu. Ibnu Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya kawo hujjojin masu wannan ra'ayi ɗaya bayan ɗaya kafin ya rushe su. Shahrastani ma ya yi bayaninsu. Yaranmu kullum suna kallon finafinan Indiya da aka fassara, jarumi ya mutu a farkon fim ya dawo ɗaukar fansa a ƙarshe. In ba mu yi musu bayani ba, fim ɗin zai yi musu.

Bashir Famasi: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni a Indiya na yi karatun haɗa magunguna, kuma abin da fim ke nunawa ya sha bamban da abin da mutanen ke ji a zuciyarsu. A fim dawowa abin murna ne. A wurin mai bin addinin Hindu da gaske, dawowar ita ce wahalar. Suna kiran zagayen haihuwa da mutuwa samsara, abin da ke juya shi kuma karma, wato aikin da ka aikata. Duk ibadarsu burinta a fita daga zagayen, abin da suke kira moksha. A littafinsu an kwatanta rai da mutumin da ke tuɓe tsohuwar riga ya sa sabuwa, kuma a bakin jama'a za ka ji ana cewa akwai nau'in halitta miliyan 8 da dubu 400 da rai zai iya ratsawa kafin ya samu jikin ɗan Adam.

Na je Varanasi da wani abokin karatuna. A bakin kogin Ganga wutar ƙona gawa ba ta mutuwa dare da rana. An jibge itace ana auna shi a sikeli ana sayar wa masu makoki, babban ɗan mamaci an aske masa kai ƙwal, ya ɗaura farin ƙyalle, shi zai cinna wutar. A cikin lungunan garin akwai gidajen da tsofaffi ke kama ɗaki su zauna jiran ajali, saboda sun yi imani wanda ya mutu a garin ba zai sake dawowa ba. Na ga wata tsohuwa kwance a tabarma, jikarta tana ɗiga mata ruwan kogin a baki da cokali. Wallahi tausayi ne ya kama ni. Mutum ya baro garinsu da danginsa, duk don kada ya sake ganin duniya.

A'isha Samaru: Ni fa ina da tambaya, kuma don Allah kada a ce na karkata. Wata ƙawata ta ce abin da ya burge ta a karma shi ne yana amsa tambayar da ke damun kowa: me ya sa za a haifi jariri makaho ko gurgu, bai yi laifin komai ba, wani kuma a haife shi a gidan sarauta? Su sai su ce abin da ya shuka a rayuwar baya ne. Na rasa amsar da zan ba ta.

Bashir Famasi: Ƙanwata, ki tambaye ta wa wannan amsar ta yi wa daɗi. Na ga masu shiga cikin magudanar bahaya da hannu suna kwashewa, kakanninsu ma aikin da suka yi ke nan, kuma an shafe ƙarnoni ana gaya musu haihuwarsu a wannan matsayi sakamakon aikinsu ne na baya. Dr Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, daga cikin waɗannan mutanen da ake ƙyamar taɓawa ya fito. A watan Oktoban 1956 a garin Nagpur ya bar addinin Hindu a bainar jama'a, dubban ɗaruruwan mutane suka bi shi zuwa addinin Buddha. Ba na cewa kowane Bahindu haka yake fassara karma, da yawansu suna yaƙi da wannan wariya. Amma hukuncin da ake yi wa mutum kan laifin da bai san ya yi ba, ba ya tuna shi, ba zai iya tuba daga gare shi ba, ni ban ga adalci a ciki ba.

Yakubu Wusasa: Gaisuwa ga kowa. Wannan tambayar ta A'isha an yi wa Yesu irinta. A Yohanna sura 9, almajiransa sun ga wani da aka haifa makaho, suka ce wa ya yi zunubi, shi ne ko iyayensa? Ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Mu Kirista abin da muka riƙe yana Ibraniyawa 9:27, an ƙaddara wa mutum ya mutu sau ɗaya, bayan haka sai shari'a. Wasu sukan kawo Matiyu 11:14 inda aka kira Yahaya Mai Baftisma da Iliya. To amma shi Yahaya da bakinsa, da aka tambaye shi ko shi ne Iliya, ya ce a'a. Luka kuma ya fayyace cewa zai zo ne cikin ruhu da ikon Iliya.

Lawali Maraɗi: Yakubu, amma ai na ji an ce Turawa da yawa sun yarda da abin.

Yakubu Wusasa: Haka ne, Malam Lawali, sai dai ba koyarwar coci ba ce. Binciken cibiyar Pew ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku a Amurka ya yarda da shi, har da masu zuwa coci. A Birazil akwai miliyoyin mabiyan wani Bafaranshe, Allan Kardec, da ya fara yaɗa koyarwarsa a 1857. Su kuma a wurinsu dawowa makaranta ce, rai yana ƙara gyaruwa a kowane zuwa. Ka ga ya saɓa da na Indiya da Bashir ya faɗa.

Malam Sabo: Bari in koma kan Nura, kada tambayarsa ta ɓace. Mabiya Buddha ba su ma yarda akwai wani rai tabbatacce da ke ƙaura ba. Bahindu yana cewa akwai atman, wato rai tabbatacce, shi ke sauya jiki. Buddha ya ce babu shi. Da wani sarki mai suna Milinda ya tambayi wani malamin mabiya Buddha, Nagasena, to me ke dawowa, sai ya ce masa kamar a kunna fitila daga wata fitila ne, wutar ba ta tashi daga nan ta koma can ba, amma ta biyun daga ta farkon ta samu.

Su mutanen Tibet sai suka ƙara wani abu, cewa manyan malamansu suna zaɓar dawowa da kansu don su taimaki mutane. Dalai Lama na 13 ya mutu a 1933. Aka tura tawaga neman yaro, suka same shi a ƙauyen Taktser, an haife shi a 1935. Labarin da suke bayarwa shi ne an baje masa carbi da sanda da ɗan ganga, na mamacin haɗe da waɗanda ba nasa ba, ya zaɓi na mamacin. Aka naɗa shi a Lhasa, babban birnin Tibet, a 1940, ya gudu Indiya a 1959, shi ne wanda Nura ya ambata. Ka ga ke nan a wurinsu wannan hanyar gadon mulki ce, shi ya sa Chaina ta sa hannu. A 2007 ta yi doka cewa ba a tabbatar da dawowar wani malami sai da izinin hukuma. Tun kafin nan, a 1995, Dalai Lama ya ayyana wani yaro ɗan shekara 6 a matsayin Panchen Lama, wato malamin da ke bi masa a girma, hukumomi suka ɗauke shi da iyayensa, har yau ba a sake ganinsa a bainar jama'a ba, suka naɗa nasu. Ni wannan yaron ne ke damuna a duk labarin. Ko me mutum ya ɗauka game da aƙidar, yaro ɗan shekara 6 bai san hawa ba bai san sauka ba.

Nura Fagge: Na gode Malam, yanzu na gane inda siyasar ta shigo.

Lawali Maraɗi: Malam Sabo, a ƙasashen Larabawa fa? Wani ɗan Labanan da na yi wa aiki ya taɓa ce mini a garinsu yara suna tuna gidan da suka mutu.

Malam Sabo: Wataƙila Badurze ne. Duruz suna Labanan da kudancin Siriya da arewacin Isra'ila, asalinsu daga Masar ne zamanin halifan Faɗimiyya Al-Hakim, wajen 1017. Su a wurinsu rai yana fita daga mamaci ya shiga jaririn da ake haifa nan take, mutum zuwa mutum kawai, namiji ya dawo namiji, mace ta dawo mace, kuma Badurze a cikin Duruz yake dawowa. Alawiyawan Siriya ma suna da nasu. Ko cikin Yahudawa masu bin Kabbala, wato tafarkinsu na ilimin ɓoye, akwai shi, duk da babban malamin Yahudawa Sa'adiya, wanda ya rasu a 942, ya yi watsi da shi.

Ustaz Kabiru: To tunda an ƙi rufewa, bari in toshe ƙofofin da ake shigowa ta nan. Akwai masu kawo Suratu Gafir aya ta 11, "ka kashe mu sau biyu, ka raya mu sau biyu." Baƙara aya ta 28 ta fassara ta: kuna matattu ya raya ku, sannan ya kashe ku, sannan ya raya ku. Biyu da biyu ke nan, babu na uku. Akwai masu kawo hadisin rayukan shahidai a cikin korayen tsuntsaye. Wannan a Aljanna ne, ba a duniya ba. Kuma Abdullahi mahaifin Jabir, da ya yi shahada a Uhudu, ya roƙi Allah ya mayar da shi duniya a sake kashe shi, aka ce masa hukunci ya riga ya gabata cewa ba sa komawa. Shahidi bai samu ba, wa zai samu? A'isha, ki gaya wa ƙawarki rai ba ya ɗaukar laifin wani, kuma nakasa jarrabawa ce, ba tara ba ce.

Baba Abarshi: Yara, kun je Indiya, kun je Tibet, kun je Labanan. Ku dawo gida. Ku dubi sunana. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta binne 'ya'ya huɗu kafin ni, babu wanda ya kai yaye. Aka ce tana wabi, wai yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa. Da aka haife ni kakata ta ɗauke ni ta ajiye a kan juji, wata maƙwabciya ta tsince ni, aka ba ta 'yan kuɗi aka karɓo ni. Aka huda mini kunnen hagu, har yanzu hudar tana nan. Sunan yanka na daban, amma Abarshi ya bi ni. Ku tuna sunayen da kuka sani: Ajuji, Ayashe, Ajefas, Abarta, Barau, Bawa. Duk don a nuna ba a damu da yaron ba, ko ya zauna. Mutanen da suka yi wannan masu salla ne da azumi, ba su taɓa jin kalmar tanasuhu ba.

Hajiya Rabi Kumasi: Baba, Allah ya ƙara nisan kwana. A nan zango ma muna ganinsa wurin maƙwabtanmu Asante, sukan sa wa irin wannan yaro Donko, wato bawa, su yi masa tsaga a fuska. Yarbawa suna ce masa abiku, suna sa masa Malomo ko Kokumo, roƙonsa ake yi kada ya sake tafiya. Ibo suna ce masa ogbanje. Amma su suna da wani kashi na biyu mai daɗi: Babatunde, baba ya dawo, Yetunde da Iyabo, uwa ta dawo. Wannan murna ake yi da shi. Abin da na lura, a Indiya gudun dawowa ake yi, a nan kuwa tsoho fatansa ya dawo cikin jikokinsa, kuma ba a fita daga dangi. Har ma sukan ce kakan yana can wurin magabata kuma yana nan jikin yaron, wani lokaci jikin yara biyu.

A'isha Samaru: To mu da muke ce wa yaro Abba ko Babangida ko Ummi, ba shi ke nan ba?

Malam Sabo: A'a 'yata. Wannan alkunya ce. An sa wa yaro sunan kakansa, uwa ba za ta iya kiran sunan surukinta gatsau ba, sai a saya. Sau da yawa ma kakan yana raye, yana zaune a zaure ana kai masa takwaransa. Wabi ne dai yake da wancan tunanin a ƙarƙashinsa, wannan kam Baba ya faɗi gaskiya.

Nura Fagge: Amma akwai abin da ya rage. Na karanta labarin wani likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Virginia, Ian Stevenson, wanda ya rasu a 2007. Shi da abokan aikinsa sun tara labarin yara fiye da 2,500 da ke cewa suna tuna rayuwar baya. Yawanci suna fara faɗa tsakanin shekara 2 zuwa 4, su manta idan sun kai shiga makaranta. Har ƙasar Ibo ya yi bincike. Akwai kuma yarinyar Delhi, Shanti Devi, da ta ce ita matar wani ce a Mathura, har Gandhi ya sa aka kafa kwamiti a 1935. Wannan fa?

Ustaz Kabiru: Aikin aljanu ne. Kowane mutum yana da ƙarini, mutum ya mutu ƙarinin yana nan, ya san sirrinsa. Ya raɗa wa yaro, shi ke nan.

Bashir Famasi: Ustaz, kafin a kai ga aljani akwai tambayoyin da masana suka yi wa aikin. Mafi yawan labaran daga wuraren da aka riga aka yarda da abin suka fito, Indiya, Siri Lanka, ƙasar Bama (wato Myanmar), Duruz na Labanan. A da yawa daga ciki iyalan biyu sun riga sun haɗu sun yi hira kafin mai bincike ya iso, wani lokaci bayan shekaru, kuma ta bakin tafinta yake ji. Sannan ka lura, yaron Badurze ba ya cewa shi mace ne a da, a Bama kuwa ana samun haka da yawa. Labarin yana bin abin da garin ya yarda da shi. Shi kansa Stevenson bai ce ya tabbatar ba, cewa ya yi labaran suna nuni.

Ustaz Kabiru: Wannan bai kore aljanu ba.

Bashir Famasi: Ban ce ya kore ba. Na ce kada mu tsallake abin da ido ke gani.

Maman Ihsan: Ni ungozoma ce, kuma maganar Baba Abarshi ce ta hana ni yin shiru. Baba, abin da ya sami mahaifiyarka har gobe ina ganinsa a ɗakin haihuwa. Mace ta zo da ciki na shida, ɗa ɗaya a raye, dangin miji sun sa mata suna, an kai ta wurin masu magani an yi ta wanka da turare. Ka duba katinta, ko gwajin jini ba a taɓa yi mata ba. Na taɓa karɓar gawar jariri da aka yanke wa gefen kunne, wai don a gane shi in ya dawo. Uwar tana kallo, ba ta iya cewa komai ba.

Kaso mai yawa na abin da ake kira wabi sikila ce. Uba AS, uwa AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kuma kowane ciki lissafinsa daban, ana iya jera uku. Yaro ya kai wata shida hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi rawaya, zazzaɓi kaɗan ya tafi da shi. Na gaba ya zo da kamanni ɗaya da ciwo ɗaya, dole a ce shi ne ya dawo. A Najeriya ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara. Wata mai bincike, Esther Nzewi, ta gwada yara 100 da ake kira ogbanje a ƙasar Ibo, ta samu 70 daga cikinsu suna da ita. Saura kuma akwai maleriya, ƙyanda, da cutar da ke shiga ta cibiya idan an yanke da tsohuwar reza. Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, amma doka ba ta shiga ɗakin da aka riga aka yi auren.

Baba Abarshi: 'Yata, ƙanwata da ta biyo ni ta yi fama da ciwon ƙashi duk damina har ta rasu tana budurwa. Amosani muke cewa. Jikokina duk na sa an gwada su kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, har wani ɗan'uwa ya yi fushi da ni a kan haka.

Ummu Khalil: Tun ɗazu ina karantawa ban yi magana ba. Anti Maman Ihsan, yayata ɗanta na fari lafiyarsa ƙalau, amma uku da suka biyo baya duk sun rasu cikin kwanakin farko, jikinsu ya yi rawaya. Ita AA ce, an gwada. Yanzu tana da ciki wata huɗu, surukarta ta ce wabi ne, har ta tanadi mai huda kunne.

Maman Ihsan: Ƙanwata, wannan bai yi kama da sikila ba, sikila ba ta kashe jariri a satin farko. Abin da na fi zargi rukunin jini ne. Idan uwa tana da jini mai alamar negatif, uba kuma fozitif, ɗan fari yakan tsira, amma jikinta sai ya haɗa abin da ke farfasa jinin 'ya'yan da ke biyowa. Akwai allurar anti-D da ake yi wajen sati 28 na ciki, da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Sai dai idan jikin ya riga ya haɗa abin, allurar ba ta warware shi, sai sa ido sosai a kan cikin. Don haka kada ta tsaya a ƙaramin asibiti. Ta je babban asibiti cikin satin nan, ta ce a duba rukunin jininta da na mijinta, ta faɗa wa likita labarin yaran uku tun daga farko, kuma a can za ta haihu, inda ake da fitilar shawara da jinin ƙari. Ku kuma cire kafur daga cikin kayan jariri, akwai yaran da yake farfasa musu jini. Mijin ya raka ta, don in ya ji daga bakin likita shi zai iya yi wa mahaifiyarsa bayani.

Ummu Khalil: Yanzu zan kira ta. Ranar Litinin suke da awo, zan bi su da kaina.